Baburin Mai Allura Ya Tashi, Ya Ƙi Tsayawa

Mai Allura mutum ne da ba ya jure jin ƙarfe yana kuka. Shekara arba'in ya yi yana gyaran keken ɗinki a ɗan shagon da ke manne da ƙofar gidansa, kuma a duk shekarun nan abu ɗaya ya riƙe: in keke ya yi ƙara, ƙishirwa yake ji, a ba shi mai. Yana da wata 'yar butar ƙarfe mai dogon baki, ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Ko ƙyauren maƙwabci ya ji yana ƙugi, sai ya fito ba tare da an kira shi ba, ya ɗiga masa mai, ya buɗe ya rufe sau uku, ya kasa kunne, ya koma shago. Telolin unguwa ne suka laƙaba masa sunan, har ainihin sunansa ya ɓace a bakin mutane.

A ɗakin ƙarshe na gidan, wanda ke kusa da banɗaki, akwai babur. Tsohon yayi ne, mai jan tanki da doguwar kujera da fitila zagayayya kamar kwano. Da shi ya riƙa zagaya shagunan teloli, akwatin kayan aiki ɗaure a baya, har gwiwarsa ta dama ta fara ciwo likita ya hana shi buga kik. Gwiwar ta warke cikin shekara guda. Babur kuwa ya shekara goma sha bakwai a ɗaki, domin kafin nan teloli sun saba kawo kekunansu har shago, shi kuma ya saba da zama.

Amma ba yasar da shi ya yi ba. Ranar ɗaya ga kowane wata, da hantsi, sai ya rufe shago na rabin awa, ya shiga ɗakin, ya yaye bargon da ya lulluɓe shi da shi. Ya goge ƙura, ya taka kik a hankali don kada inji ya ƙame, sannan ya zaro buta. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe sai ya ɗiga. Ya juya tayar gaba, ya matse birki, ya saurara. In ya ji ƙiii, ya lalubi 'yar kafar da ke gefen tayar ya ɗiga a ciki, ya sake juyawa, har sai ƙarar ta mutu. Ya yi wa ta baya haka. Sai ya mayar da bargo ya fito yana share hannu, ransa fari tas.

Matarsa tsohuwar malamar firamare ce. Ta daɗe da yin ritaya, amma har yau kowa Malama yake ce mata, har da shi. Mace ce da ba ta karɓar amsa sai da dalili. Wata Asabar da safe ta kawo masa shayi har shago, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a kansa tana kallo yana sha.

"Inna za ta dawo wurinmu," in ji ta. "Ƙafafunta ba sa iya hawan benen gidan ƙanena Auta. Ɗakin ƙarshe nake so, shi ne kusa da banɗaki."

"Ai Inna uwata ce ni ma. Ta zo. Sai mu ɗan matsar da babur gefe."

"Uwata ba za ta kwana ɗaki ɗaya da babur ba."

"Ba ya minshari, Malama."

"Kai ne kake yi, kuma na haƙura da kai shekara talatin da biyar. Ba zan ƙara wani haƙurin ba."

"To a fito da shi tsakar gida."

"Inda nake shanya? A'a. Saurara, sau ɗaya zan faɗa. Na ba ka daga yau zuwa Asabar mai zuwa. In abin nan ya tashi, abin hawa ne, ka ajiye shi ƙarƙashin rumfar shagonka, ba ruwana. In bai tashi ba, shirgi ne, kuma na riga na yi magana da ɗan gwangwan."

Mai Allura ya daina kurɓar shayin. Ya san ɗan gwangwan, mai yawo da kura yana sayen tsofaffin ƙarafa. Ya taɓa ganinsa ya fasa kan keken ɗinki da guduma gida uku don ya shiga buhu, yana waƙa. Da ya tuna jan tankin nan a ƙarƙashin waccan guduma, sai ya ajiye kofin.

"Zai tashi," ya ce.

"Mu gani."

Ran nan bai taɓa keken kowa ba. Ya turo babur zuwa rumfar shago, ya shimfiɗa farin ƙyalle a benci, ya kwance kafireta ya jera kayanta ɗaya bayan ɗaya, ƙananan sukurori a murfin gwangwani, kamar yadda yake yi wa keke. Ragowar fetur ta bushe a ciki ta zama kamar ƙaro. Ya jiƙa su a kananzir, ya zaro siririn zaren waya ya bi kowace kafa, yana ɗagawa sama yana leƙen haske. Ya ɗauraye tanki sau uku har ruwan ya fito ba datti. Tayoyin sun tsattsage don zama, ya sayo sababbi da tub. Ya canza fulogi, ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo. A wannan aiki babu wanda zai kushe shi, domin hannunsa mai tsabta ne kuma ba ya gaggawa.

Ranar Talata da hantsi ya buɗe fetur, ya ja cok, ya ɗora ƙafa. Bugu goma sha uku ba abin da ya ji sai numfashinsa. A na goma sha huɗu babur ya yi tari, ya yi wani, sannan ya kama: tum tum tum, shuɗin hayaƙi ya cika rumfa. Mai shagon kayan masarufi na gefe ya leƙo yana toshe hanci yana dariya. Malama ta fito ƙofar gida, hannunta duk kumfar wanki.

"Kin ji shi?" Mai Allura ya ɗaga murya a kan ƙarar injin. "Shirgi yana irin wannan murya?"

Bai jira amsa ba. Ya haye, ya matse kuloci, ya sa giya, ya saki.

Layinsu gangare ne, a hankali yake sauka har mararraba, inda mai buga bulo ya tara tulin yashi. Iska ta shiga rigar Mai Allura ta kumbura ta. Ya ji kamar an zare masa shekara ashirin daga gwiwa. Ya sa giya ta biyu, ya ɗaga wa mai aski hannu. Da ya hango mararraba sai ya taka birkin ƙafa. Birkin ya sauka lumui, santsi, ba ƙara ko kaɗan, irin saukar da a kan keken ɗinki da ya yaba. Babur bai rage gudu ba. Ya damƙi na hannu har yatsunsa suka haɗu da maƙallin. Shi ma shiru. Ya manta da giya, ya manta da makulli, ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa, takalmi ɗaya ya fice ya yi nasa wuri. Yana ta cewa "Kai! Kai! Kai!" kamar dabba yake kora, har tayar gaba ta nutse cikin yashi, shi kuma ya tsallake tanki ya kwanta rub da ciki a saman tulin.

Mai bulo ya ajiye shebur ya zo ya ɗago shi. Da ya tabbata ba abin da ya karye, sai ya ce, "Mai Allura, in yashi kake so ai aikowa za ka yi. Tifa nawa za a kai?"

Malama ta iso da takalmin a hannu. Ta duba gwiwar hannunsa, ta duba goshinsa, ta karkaɗe masa yashi a gemu, sannan suka turo babur gida.

"Ya tashi," in ji ta. "Na gani da idona. Yanzu ga tambaya ta biyu. Ran Asabar ka sauko daga saman layi, ka tsaya daidai falwayar ƙofar gidan nan. In ya wuce ta, ɗan gwangwan na nan."

"Ba a ƙara tambaya bayan an gama jarrabawa, Malama."

"Ana ƙarawa in ɗalibi ya faɗa yashi."

Ranar Laraba ya yi aikin kwana biyu a yini ɗaya. Ya ɗaure notin wayar birki har ƙarshen zarensa. Ya canza wayar gaba ɗaya. Ya ɗaga babur a tsaye, ya juya taya da hannu, ya taka birki, tayar ta ci gaba da juyawa tana yi masa dariya. Ya zauna ya yi tunani mai tsawo, ya yanke cewa wani abu ne ya ƙame a ciki, sai ya zaro buta ya ƙara ɗigawa a kafar nan. Haka mutum yake in ya ƙware a abu ɗaya, sai ya ɗauka duniya duka keken ɗinki ce. Akwai wanda zai iya tambaya tun ranar farko, girman kai ne kawai ya hana shi.

Wannan mutumin shi ne Auta, ƙanin Malama, bakaniken babura. Shekararsa hamsin da biyu, ga tumbi ga furfura, amma tunda shi ne na ƙarshe a ɗakinsu har yau Auta ne. Shekara talatin Mai Allura yana tsokanarsa a duk taron dangi, yana cewa kayan aikinsa guda biyu ne, guduma da babbar guduma. Ranar Alhamis da sassafe ya turo babur ta bayan layi, don kada ya bi ta gaban mai bulo, har garejin Auta.

Auta yana tsugune gaban wani inji. Ya ɗago kai, ya dubi babur, ya dubi mai shi, ya miƙe a hankali yana goge hannu da tsumma.

"A'a! Mijin Yaya da kansa a gidan guduma? Wace zan ɗauko maka, ƙaramar ko babbar?"

"Wucewa nake yi."

"Da babur a hannu. Na ji an ce ka koma sana'ar yashi."

"Auta, birkin ne. Ka duba min kawai, kada ka buga masa komai."

Auta ya zagaya babur sau biyu, ya shafa tanki, ya yi ɗan fito. Sannan ya ɗora shi a kan kututture, ya kwance notin tayar baya, ya zare sandar, ya fito da tayar. A tsakiyarta akwai kwanon birki, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Ya ɓamɓare murfinsa. A jikin murfin ga shu biyu, ƙarafa masu siffar rabin wata, kowanne an lulluɓe bayansa da fata mai kauri, ita ce ke matse kwanon daga ciki in an taka birki. Kafin ya gama juya murfin, wani ruwa ya gangaro ya ɗiga a kan takalminsa.

Auta ya dangwala yatsa. Ya murza, ya sansana, ya ɗaga wa rana.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wannan ba baƙin mai ba ne. Ba giris ba ne. Fari ne, siriri, mai tsabta. Ni a garejin nan ban taɓa mallakar mai mai kyau haka ba." Ya matsa fatar da babban yatsa, mai ya tsatso kamar an matse soso. Ya buɗe ta gaba, ita ma haka. Sai ya juyo a hankali ya tsura wa aljihun Mai Allura ido, inda dogon bakin buta ya leƙo.

"Mijin Yaya. Sau nawa?"

"Sau nawa me?"

"Sau nawa ka shayar da shi?"

Mai Allura ya dubi ƙasa. "Wata wata."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ajiye shi. Ƙara yake yi, Auta. Ƙiii, ƙiii. Ya zan bar shi yana kuka?"

Auta ya zauna daɓas a kan tsohuwar taya. Dariya ta kama shi har tumbinsa na rawa, har hawaye, har ya riƙa dukan cinyarsa da tsumma. Da ya samu numfashi ya ce, "Birki da kaushi yake cin abinci, mijin Yaya. Ƙarar da kake kashewa, aikinsa yake yi. Shekara goma sha bakwai kana koya masa santsi, ya kuwa koya. Wallahi ɗalibi ne na gari."

"A wanke da fetur."

"Ka wanke yau, gobe in ya yi zafi ya sake tsatsowa. Wasu ƙonawa suke yi, shi ma banza. Fatar ta sha har ƙashi. Kuma irin shu ɗin nan an daina kawo shi tun kafin in yi gemu."

Mai Allura ya dubi shu ɗin. "To shi ke nan?"

"Ban ce ba. Ƙarfen lafiyarsa lau. Fatar za mu ɓare mu ɗora sabuwa, irin aikin da. Ina da guntun fatar birkin ƙaramar mota. Amma aiki ne na ƙananan ƙusoshi, ni kuma ka san ni, mai guduma ne."

Mai Allura ya matso kusa, ya rage murya ko da yake ba kowa a wurin. "Auta, kada yayarka ta ji maganar man nan."

"Me za ka ba ni?"

"Me kake so?"

"Ka ce, Auta, ka iya aiki."

Mai Allura ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka iya aiki."

"Ban ji ba, janaretan maƙwabta yana damuna."

"Auta, ka iya aiki!"

"Madalla. Shekara talatin ina jira."

Ba a jima ba wayar Auta ta yi ƙara, Malama ce tana tambayar abin da aka gani. Auta ya kashe wa mijin yayarsa ido ɗaya ya ce, "Tsufa ne, Yaya. Tsufa ne ya cinye birkin daga ciki. Za mu gyara." Ƙaramar ƙarya ce, irin wadda maza ke yi wa juna su kira ta rufin asiri, kuma duk su biyun sun ji daɗinta.

Yini biyu suka yi a kan aikin. Auta ya sare tsofaffin ƙusoshi da kurfi, ya ɓare fatar da ta jiƙe ya jefar, ya yanka sabuwa da zarto daidai faɗin ƙarfen. Daga nan ya miƙa wa Mai Allura. Kowace ƙusar tagulla sai an yi mata rami a cikin fatar, yadda kanta zai nutse ƙasa da saman fata, in ba haka ba ita za ta riƙa gogar kwano ta ci shi. Mai Allura ya sa tabarau, ya shimfiɗa farin ƙyallensa a kan bencin Auta mai baƙin maiƙo, ya huda ramuka goma sha shida, babu wanda ya fi wani zurfi. Auta ya tsaya a bayansa yana kallo, wannan karon bai yi tsokana ba.

Suka wanke kwanukan da fetur sau huɗu, suka goge cikinsu da samfefa har ƙarfen ya yi fari. Da aka haɗa, tayar ta ƙi juyawa sosai, sabuwar fatar ta yi tudu a wasu wurare.

"Da ina da alli," in ji Auta.

Mai gyaran keken ɗinki ba ya rasa allin tela a aljihu. Suka shafe fatar da shi ta yi shuɗi, suka haɗa, suka juya taya suna taɓa birki kaɗan, suka buɗe. Inda allin ya goge, nan ne tudu. Mai Allura ya bi wurin da magagari, shafa biyu uku, aka sake shafa alli, aka sake haɗawa. Sau bakwai a tayar baya, sau biyar a ta gaba, har allin ya riƙa gogewa ko'ina daidai. A karo na ƙarshe Auta ya juya taya da ƙarfi ya taka birki. Ta ce ƙiit, ta tsaya cak. Hannun Mai Allura ya nufi aljihu da kansa, Auta ya make shi da tsumma.

"Bar shi ya yi kukansa."

Ranar Asabar da hantsi ƙofar gida ta cika. Ɗan gwangwan ya zo da wuri, ya jingina kurarsa ya zauna a kanta yana kaɗa ƙafa. Mai bulo ya hauro yana cewa ya zo ne ya san ko zai matsar da yashinsa. Ga teloli biyu da suka kawo kekunansu tun Litinin ba a taɓa ba, suna zaune a bencin shago. Malama ta tsaya jikin falwaya ta harɗe hannu.

Mai Allura ya hau saman layi, ya juyo, ya sauko a giya ta biyu. Saura taku goma ya taka na ƙafa ya haɗa da na hannu. Babur ya ce ƙiii, ya duƙar da kai, ya tsaya tayar gaba daidai gindin falwaya. Teloli suka tafa.

"Sake," in ji Malama.

Ya sake, ya tsaya.

"Da kaya. Auta, hau baya."

Auta ya hau, babur ya nutse har salansa ta kusa taɓa ƙasa. Suka sauko, mai bulo yana ihu a ba su hanya. Suka tsaya, ko tafin hannu ba su wuce ba. Mai Allura ya kashe inji ya sauko yana murmushi har kunne.

Malama ba ta yi murmushi ba. Ta dubi babur ta daɗe, sannan ta juya wurin ɗan gwangwan.

"Matso da kurarka. Ɗauka."

"Malama!" in ji Mai Allura. "Sau uku! A gaban shaidu!"

"Na gani. Ka ci jarrabawa, ban musa ba. Amma kwana biyu ina juya maganar Auta. Ya ce tsufa ne ya cinye birkin daga ciki, kai da kake duba shi kowane wata ba ka gani ba. To tsufan da ya ci birki a ɓoye, me kuma ya ci da ba mu sani ba? Gobe sarƙa ta tsinke, jibi ƙafar gaba ta ɓalle, kuma ba kullum ake samun yashi a gaba ba." Ta dubi mijinta ido cikin ido. "Ka yi fushi da ni wata guda, na yarda. Na fi son ka da fushi da in je ina dubo ka a asibiti."

"Yaya, ai ba haka nake nufi ba," in ji Auta. "Tsufan iya birki ya tsaya."

"Dalili? Tsufa yana zaɓe ne? Kawo dalili in ji."

Auta ya dubi mijin yayarsa ya ɗaga kafaɗa, domin shi ya yi alkawari kuma ya cika. Ɗan gwangwan ya riga ya turo kura, ya ɗora hannu a kan kujerar babur yana gwada nauyinsa.

Mai Allura ya dubi telolin nan biyu. Shekara da shekaru yana yi musu faɗa a kan mai: wannan ya cika, wannan bai isa ba, wane jahili ne ya zuba wannan a nan. In ya yi magana yanzu, kafin la'asar duk wani mai keke a gari ya ji. Ya dubi hannun ɗan gwangwan a kan kujera.

"Ɗauke hannunka," ya ce. Ya juya wurin matarsa. "Ba tsufa ba ne. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na zuba masa mai. Man keke. A cikin birki, gaba da baya, kowane wata, tun ran da na ajiye shi. Ƙara yake yi, na ɗauka ƙishirwa ce. Ranar Laraba ma na ƙara. Babur ba shi da laifi. Ni na roƙi Auta ya ce tsufa ne."

Ɗaya daga cikin telolin ya fara dariya, ya toshe baki da hula bai iya riƙewa ba. Mai bulo ya kama falwaya. Malama ta tsaya tana kallon mijinta, leɓenta na motsi, sai ita ma ta fashe, ta yi ta dariya har sai da ta zauna a bakin dakali tana share ido da gefen mayafi.

"Shekara goma sha bakwai," ta ce da ƙyar. "Ina jin ka kana fitowa kana cewa alhamdu lillahi ya yi shiru." Ta ja numfashi ta juya wurin ƙaninta, fuskar malama ta dawo. "Kai kuma, da furfurarka kake yi min ƙarya a waya. Za mu yi maganar nan gaban Inna. Yanzu faɗi gaskiya: sauran jikinsa fa?"

"Yaya, wallahi na bi shi noti noti. Ban taɓa ganin babur mai shekarunsa da ba ɗigon tsatsa ba. Sarƙa, ƙafafu, inji, duk garau. Wanda ya kashe birkin shi ya tsare sauran."

"Wannan dalili ne," in ji Malama. Ta miƙe ta karkaɗe zane. "Ɗan gwangwan, yi haƙuri, an ɓata maka safiya. Shigo, akwai tsohon gado na ƙarfe a ɗakin da matattun fankoki biyu, ka kwashe."

"Wallahi, Malama, gara haka," in ji shi. "Ni ma da na ji muryarsa sai na ji ba na son fasa shi."

Telan da ya fara dariya ya ɗago kai. "Mai Allura, nawa keken fa? Ba shi da birki, ka zuba yadda ka ga dama."

"Za ka karɓa ran Litinin, marar kunya."

Malama ta leƙo daga ƙofa. "Tunda abin hawa ne, a fara aiki. Je kasuwa ka sayo farin fenti da buroshi, gobe Inna za ta tare. Kada ka daɗe."

Kasuwar tafiyar minti biyar ce a babur. Mai Allura ya tsaya a ƙofar mai aski, ba don aski ba. Ya tsaya gaban tulin yashi, ya dube shi, ya wuce. Ya tsaya wa wata akuya da ko niyyar tsallaka titi ba ta yi ba. Duk tsayawa birkin sai ya ce ƙiii, shi kuma ya cije baki ya riƙe kan babur da hannu biyu. Sai bayan azahar fentin ya iso gida.